Yadda Ake Tsara Rumbun Bayanai: Daga Littafin Bashin Shagon Kwari Zuwa Kwamfuta

Matashin da ya fara iya rubuta manhaja a Kano ba ya daɗewa wani kawunsa ko abokin mahaifinsa zai kira shi gefe: "Kai ɗan nan, an ce ka iya kwamfuta. Ka yi mini abin da zan riƙa ganin kayana da waɗanda nake bi bashi." Wataƙila mai shago ne a Kantin Kwari, ko mai kayan masarufi a Singa, ko mai kemis, ko mai makarantar kuɗi a unguwa. Daga nan sai yaro ya buɗe laftof ya hau tambayar abokai: MySQL zan ɗauka ko MongoDB? Ko dai Firebase?

Wannan tambayar ta wace manhajar rumbun bayanai za a ɗauka, wato manhajar da ke adana bayanai a tsare, tana da wurinta, amma can ƙarshe take zuwa. Abin da ya fi kashe irin waɗannan ayyuka bayan 'yan watanni shi ne ba a zauna an tsara bayanan ba tun farko: me za a adana, a ina, kuma me ya haɗa wannan da wancan. Za mu bi matakan da misalin shagon atamfa da shadda a Kwari, domin a can ake samun kusan duk wata sarƙaƙiya: sari, bashi, biya kashi-kashi, dillalai, da baƙi daga ƙetare.

Mataki na 1: Je ka zauna a shagon

Ka bar laftof a gida, ka ɗauki biro da littafi. Ka roƙi Alhaji ya ba ka littafin ciniki, littafin bashi, da kwafin rasit na kwanakin baya, ka karanta su layi-layi. Ka saurari yadda yaran shago suke kiran kaya, domin sunan da ke bakinsu shi za su nema a kwamfuta, ba wanda ke jikin leda ba.

Sannan ka tambayi maigidan: wane abu kake so ka sani da safe kafin ka fito? Amsoshinsa su ne ma'aunin aikinka. Yawanci ba sa wuce irin waɗannan: wa nake bi, nawa, tun yaushe? Turmi nawa ya rage na zane kaza, a shago da sito? Wane dillali ne la'adarsa ba ta fita ba? Me na samu a watan azumi idan aka kwatanta da na bara? Ka rubuta su a shafi guda. Duk tsarin da ya kasa amsa su, komai kyansa a ido, bai yi ba.

Akwai tambayar da matasa ke jin nauyin yi wa babba, alhali ita ce ta fi amfani: "Alhaji, me yake faruwa wanda ba a rubutawa?" A nan za ka ji cewa idan kwastoma ya nemi zanen da babu, yaro yakan ruga shagon maƙwabci ya ɗauko, a sayar, a biya maƙwabcin da yamma. Za ka ji ana dawo da kaya. Za ka ji wani yakan turo kuɗi da sunan ƙaninsa. Duk waɗannan sai sun sami gurbi a tsarin.

Mataki na 2: Ware abubuwa, ka zana akwatuna

A cikin abin da ka rubuto, ja layi a ƙarƙashin duk wani abu da ke tsaye da ƙafarsa: kwastoma, kaya, ciniki, biya, dillali, mai kawo kaya, sito. Kowanne ka yi masa akwati a takarda, a cikin akwatin ka jera siffofinsa. Kwastoma yana da suna, garinsu, lambar waya. Kaya yana da suna, kamfani, lambar zane, launi.

Wannan salon zane na abubuwa da alaƙoƙinsu, Peter Chen ne ya fito da shi a 1976, kuma har yau da shi ake fara aiki. Masana suna raba tsarin hawa uku. Hawa na farko zane ne da Alhaji kansa zai duba ya gane, babu maganar kwamfuta a ciki. Na biyu shi ne inda ake mayar da akwatuna teburori masu layuka da ginshiƙai da mabuɗai. Na uku shi ne yadda za a gina shi a cikin takamaiman manhaja. Kada ka tsallake na farko. Minti goma da maigida a kan takarda zai nuna maka kuskuren da sai ka yi sati kana gyara shi a kwamfuta.

Ga wani hukunci da za ka yanke tun a nan. Maƙwabcin nan da ake ɗauko kaya a wurinsa, shi ma wata rana yana ɗauka a wurinku. Kwastoma ne ko mai kawo kaya? Duka biyun ne. Idan ka yi tebur biyu daban, sunansa zai shiga sau biyu, kuma ranar da aka zo lissafin wa ke bin wa, sai an haɗa da hannu. A kasuwa irin Kwari na fi son tebur guda na abokan hulɗa, sannan a nuna matsayin kowa: mai saye, mai kawowa, dillali, ko duka.

Mataki na 3: Ja layukan alaƙa

Tsakanin kowane akwati biyu, tambayi kanka ta ɓangarori biyu. Kwastoma ɗaya zai iya yin ciniki nawa? Da yawa. Ciniki ɗaya na kwastoma nawa ne? Ɗaya. Wannan ita ce alaƙar ɗaya da yawa, kuma a zane ana yi wa ɓangaren "da yawa" alama mai yatsu uku da ake kira ƙafar hankaka. A tebur kuwa, lambar kwastoma ce za ta zauna a cikin teburin ciniki.

Mai wuyar ita ce yawa da yawa. Ciniki ɗaya yana ɗauke da kaya iri-iri, kaya iri ɗaya kuma yana fitowa a ciniki daban-daban. Ba a haɗa su kai tsaye. Sai a kafa tebur na uku a tsakani, mu kira shi layin ciniki, wanda kowane layinsa yake daidai da layi ɗaya a rasit: ciniki kaza, kaya kaza, adadi kaza, farashi kaza. Duk inda ka ga wani ya yi ginshiƙai yana ce musu kaya1, kaya2, kaya3, to wannan teburin ne ya rasa, kuma ranar da baƙo daga Maiduguri ya sari kala ashirin zai gane.

Biya ma tana buƙatar tunani. A misalan littattafan koyarwa, kowace biya tana manne da rasit ɗaya. A Kwari ba haka ake yi ba: mutum yana da rasit huɗu a kansa, sai ya turo naira 500,000 ya ce a rage. Don haka ka ɗaura biya a kan kwastoma. Idan maigida yana so ya san wane rasit ne aka gama biya, sai a ƙara teburin rabon biya, wanda zai nuna nawa daga cikin kuɗin ya tafi ga wane ciniki. Ka kuma bar gurbin hanyar biya, tsaba ko taransifa ko POS, da gurbin sunan da ya fito a alat, tunda ba lallai ya zama sunan mai bashin ba.

Mataki na 4: Ba kowane layi lambarsa

Kowane tebur yana buƙatar babban mabuɗi, wato ginshiƙin da ba ya maimaituwa kuma ba ya canzawa. Suna ba zai yi ba. A littafi ɗaya za ka tarar da "Alh. Sani", "Sani mai shadda" da "Alhaji Sani Damagaram", wani lokaci mutum ɗaya ne, wani lokaci uku. Lambar waya ma ba za ta yi ba, domin mutane suna riƙe layi biyu ko uku, layi yana ɓata, kuma wa da ƙani sukan yi amfani da waya ɗaya. Bari kwamfuta ta ba kowa lamba ta kanta: 1, 2, 3. Idan kuma rassa biyu za su riƙa shigar da bayanai ba tare da intanet ba sai daga baya a haɗa, yi amfani da doguwar lambar nan ta UUID don kada lambobin su yi karo.

Kada ka yi sha'awar karɓar NIN ko BVN na kwastomomi don kawai lambobi ne da ba sa maimaituwa. Shagon atamfa ba ya buƙatarsu, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk wanda ya tara bayanan mutane. Abin da ba ka adana ba, ba za a sace shi a hannunka ba.

Mataki na 5: Tankaɗe da rairaya

Nan ne zuciyar aikin. Edgar Codd, masanin lissafi ɗan Ingila da ke aiki a kamfanin IBM a Amurka, shi ya gabatar da tsarin teburori masu alaƙa a 1970, sannan ya shimfiɗa ƙa'idojin tsabtace su. Ƙa'idojin suna da yawa, amma uku na farko sun ishi kowane shago.

Ta farko: gurbi ɗaya, abu ɗaya. Kada a rubuta "atamfa 3, shadda 2, leshi 1" a gida guda, kuma kada a cusa lambobin waya biyu da waƙafi a tsakani. Lambobin waya su sami nasu teburin.

Ta biyu da ta uku a dunƙule suna cewa: kowace gaskiya ta zauna a wuri ɗaya, wurin da ya dace da ita. Sunan kamfanin da ya yi atamfa na teburin kaya ne, ba ya bin kowane rasit. Garin kwastoma na teburin abokan hulɗa ne. Idan ka maimaita shi a layi ɗari biyu, ranar da mutumin ya tashi daga Gusau ya koma Kaduna sai ka gyara ɗari biyu, ka manta ɗaya, daga nan rumbunka ya fara faɗin magana biyu.

Amma a kula da wani wuri da masu sabon ilimi ke zarcewa. Sukan ce tunda farashi yana teburin kaya, ba sai an sake rubuta shi a layin ciniki ba. Kuskure ne babba. A ce an sayar wa mutum turmi goma a kan naira 18,000 kowanne, bashi. Bayan wata biyu dala ta motsa, farashi ya koma 21,000, aka gyara a teburin kaya. Idan tsohon rasit yana leƙo farashinsa daga can, bashin mutumin ya tashi daga 180,000 zuwa 210,000 ba tare da ya ƙara ɗaukar ko ƙyalle ba. Farashin yau gaskiya ce daban, farashin da aka yi ciniki a kai gaskiya ce daban. Balle a kasuwar da ake tayi, inda mutum biyu za su sayi zane ɗaya a rana ɗaya a kan kuɗi daban. Haka kuɗin da aka saro kayan: a kwafe shi a layin, in ba haka ba lissafin riba zai zama tatsuniya.

Akasin haka, ragowar bashi ba a adana shi a matsayin lambar da yaro zai iya gogewa ya sake rubutawa. Lissafa shi ake yi: jimlar ciniki, a cire jimlar biya da kayan da aka dawo da su. Haka ragowar kaya a sito: abin da ya shigo, a cire abin da ya fita. Kuma ba a goge layin kuɗi. In an yi kuskure, a shigar da sabon layi mai warware na farko, da sunan wanda ya shigar da lokacin. Wannan ɗan tsarin yana kare maigida, yana kuma kare yaron shago mai gaskiya ranar da aka zo bincike.

Sai ma'auni. Atamfa turmi ake sayarwa, yadi 6 ke nan, amma wani zai sayi rabin turmi. Yadi da shadda suna zuwa a bandir, ana yanka su, kuma tsawon bandir ya danganta da kayan. Ka zaɓi ƙaramin ma'auni ɗaya ga kowane kaya wanda da shi za a riƙa ƙirga sito, sannan ka yi ɗan teburin da ke cewa ga kaya kaza, turmi yadi kaza ne, bandir yadi kaza ne. Mai aiki da 'yan Singa zai yi haka da katan da dozin, na Dawanau da buhu da kwano.

Mataki na 6: Nau'in kowane ginshiƙi

Lambar waya rubutu ce, ba adadi ba. In ka sa ta a matsayin adadi, sifirin farko na 080 zai ɓace, kamar yadda Excel ke yi wa mutane kullum, kuma alamar + ta lambobin Nijar da Chadi ba za ta shiga ba.

Kuɗi kada ya shiga nau'in FLOAT, domin a can 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif. Ko dai DECIMAL, ko a adana shi a kobo. In ka zaɓi kobo, ka lura: INTEGER na MySQL da PostgreSQL yana tsayawa a 2,147,483,647, wanda a kobo bai wuce naira miliyan 21 da 'yan kai ba. Ciniki ɗaya na babban ɗan sari zai fasa shi. Sa BIGINT. Idan shagon yana karɓar sefa ko dala, ƙara ginshiƙin nau'in kuɗi da na canjin ranar.

Kwanan wata ya shiga nau'in kwanan wata, shekara sannan wata sannan rana, don kada 03/04 ya zama gardama. Rubutu kuma ya zama UTF-8, a MySQL a zaɓi utf8mb4, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su iya komawa alamar tambaya. Sunayen teburori dai a rubuta su da baƙaƙe marasa lanƙwasa, ba tazara. Ga yadda teburin layin ciniki zai kasance a SQL, yaren da ake ba rumbun bayanai umarni da shi:

CREATE TABLE layin_ciniki (
lamba INTEGER PRIMARY KEY,
lambar_ciniki INTEGER NOT NULL,
lambar_kaya INTEGER NOT NULL,
adadi DECIMAL(10,2) NOT NULL CHECK (adadi > 0),
awo VARCHAR(20) NOT NULL,
farashi_kobo BIGINT NOT NULL,
sari_kobo BIGINT NOT NULL,
FOREIGN KEY (lambar_ciniki) REFERENCES ciniki(lamba),
FOREIGN KEY (lambar_kaya) REFERENCES kaya(lamba)
);

Layuka biyun ƙarshe su ne ke hana a rubuta cinikin kayan da babu shi a rumbu. A SQLite ba sa aiki sai ka kunna su da PRAGMA foreign_keys = ON duk lokacin da manhaja ta buɗe rumbun.

Mataki na 7: Yanzu ne za a zaɓi salo

Teburori masu alaƙa ba su kaɗai ba ne a duniya. Akwai salon takarda, irin na MongoDB da ya fito a 2009 da Firestore na Google, inda ake naɗe rasit da duk layukansa a takarda guda ta JSON, wani tsarin rubuta bayanai da kwamfuta ke karantawa. Yana da daɗin farawa, kuma ya dace da abin da siffofinsa ke bambanta sosai, kamar kundin kayan 'yan Farm Centre inda waya ke da siffofi goma, caja ke da biyu. Sai dai a can ana tsara bayanai ne bisa tambayoyin da aka riga aka sani. Ranar da Alhaji ya zo da sabuwar tambaya, ta yiwu sai an sake fasali. Kuma tsaron alaƙa, wanda rumbu mai teburori ke yi maka kyauta, ya dawo wuyanka.

Akwai salon raga, irin na Neo4j, wanda ya fi ƙarfi idan alaƙar ce kanta abin nema: wa ya gabatar da wa, wa ya tsaya wa wa. Akwai na mabuɗi da ƙima, irin Redis, don ajiyar wucin gadi mai sauri. Akwai kuma tsarin tauraro da Ralph Kimball ya yaɗa a shekarun 1990, na rahoto ne zalla: babban teburin ciniki a tsakiya, ƙananan teburorin rana, kaya, reshe da kwastoma kewaye da shi, ana maimaita bayanai da gangan don rahoto ya fito da wuri. Mai rassa da yawa da ke son manhajar rahoto ta Power BI zai buƙace shi wata rana, amma a gefe ake gina shi, ana ɗebo masa daga rumbun ciniki.

Ra'ayina a fili yake: duk inda kuɗi da bashi suke, fara da teburori masu alaƙa. In akwai 'yan siffofi marasa tabbas, PostgreSQL yana da ginshiƙin JSONB mai ɗaukar JSON tun 2014, sai ka zuba su a ciki.

Tsakanin manhajojin kuwa, yanayin shagon ne zai raba gardama. Kwamfuta ɗaya ko waya ɗaya, ga wuta da sabis ba tabbas: SQLite, wanda fayil guda ne, ba ya buƙatar saba (server), kuma yana cikin kowace wayar Android. Rassa da masu shigarwa da yawa a lokaci ɗaya: PostgreSQL ko MySQL. Mai ƙaramin shago da ba ya ba da bashi kuwa, gaya masa gaskiya, Excel ko Google Sheets mai shafuka uku tsararru ya ishe shi.

Mataki na 8: Kayan zane

Takarda da fensir su ne na farko. Bayan su draw.io, kyauta ne, yana da alamun ƙafar hankaka, kuma akwai wanda ake saukewa a yi aiki ba intanet. A dbdiagram.io rubuta teburorin kake yi, zanen ya fito da kansa, ya kuma ba ka SQL. MySQL Workbench yana tafiya gaba da baya: daga zane ya gina rumbu, daga tsohon rumbu ya fitar da zane, wanda ke da amfani idan ka gaji aikin wani. pgAdmin yana da irin wannan ga PostgreSQL, DBeaver kuma yana buɗe kusan kowane iri. Manyan kayan kamfanoni irin erwin na bankuna ne da ma'aikatu, ba ka buƙatarsu a nan.

Masu amfani da kayan gina manhaja irin Django, Laravel ko Prisma sukan rubuta tsarin a cikin lambar manhaja, ita kuma ta gina teburorin. Hanya ce mai kyau, musamman don tana ajiye tarihin kowane sauyi a fayil. Amma ba ta yi maka tunanin matakai na 2 zuwa 5. Haka manhajojin ƙirƙirarriyar basira: za su zubo maka teburori cikin daƙiƙa, masu kyan gani, sai dai ba su san ana ɗauko kaya a maƙwabta ba sai ka faɗa musu.

Mataki na 9: Gwada da shafin gaske

Kafin ka zana ko allo ɗaya na manhaja, ɗauki shafi biyu na littafin shagon, na ranar da kasuwa ta cika kamar gab da sallah, ka shigar da su da hannu. Nemi masu wuya da gangan: wanda ya biya rabi da tsaba rabi da taransifa, wanda ya dawo da turmi biyu ya canza launi, cinikin da dillalai biyu suka raba la'ada, baƙon da ya saya ya tafi ba a san sunansa ba. Wannan na ƙarshen, ka tanadi layi guda mai suna "mai wucewa" a teburin abokan hulɗa, kuma manhaja ta hana a rubuta masa bashi.

Duk inda ka tsinci kanka kana cusa bayani a gurbin "ƙarin bayani" don babu inda zai shiga, tsarin ne ke da giɓi, koma takarda. Sannan ɗauko shafin tambayoyin Alhaji, ka rubuta SQL na kowace ɗaya, ka gwada amsar da abin da littafi ya nuna. In jimlar bashin mutum uku ta yi daidai da ta littafi har kobo, ka sa fihirisa (index), wadda ke sa nema ya yi sauri, a ginshiƙan da ake yawan nema da su, wato lambar kwastoma, lambar kaya da kwanan wata. Ka kuma tsara kwafin ajiya na kullum wanda zai riƙa fita daga shagon, ko zuwa intanet ko a filashin da maigida zai tafi da shi gida, domin kasuwannin Kano sun sha ganin gobara da ambaliya. Sau ɗaya a wata, ɗauki kwafin ka buɗe shi a wata kwamfutar ka tabbatar yana tashi. Littafin takarda kuma a ci gaba da rubuta shi tare da kwamfutar har wata ɗaya ko biyu, ana gwada jimlar biyun kowace yamma kafin a rufe shago.